Haske kaɗai zai iya gane irin bakteriya?

Tambaya: Malam, ina koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. An koya mana cewa sai an ɗebi bakteriya daga faranti, an rina ta, an yi mata gwajin sinadarai kafin a san irinta. Sai na ji wai akwai na'urar da ke gane ta da haske kawai, ba tare da an taɓa ta ba. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, ɗana, amma da sauran magana.

Ai ko kai da idonka kana yin rabin wannan aikin. Idan ka buɗe farantin MacConkey, wani irin abincin renon bakteriya, ka tarar da curi (tarin bakteriyar da ta tsiro wuri ɗaya) mai ruwan hoda, yana sheƙi yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, Klebsiella za ka fara zargi. Proteus kuwa, a farantin abinci mai jini, ba ta zama wuri ɗaya, malala take yi zobe bayan zobe. Kowace iri da yadda take tara 'ya'yanta. Abin da na'urar ta fi ido shi ne tana karanta cikin curin.

Wadda ta fi suna ita ce BARDOT, da aka ƙera a Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana a Amurka, inda masanin ƙwayoyin cutar abinci Arun Bhunia ya haɗa kai da injiniya Daniel Hirleman. Da Listeria suka fara, mai gurɓata madara da cuku da nama, daga baya suka kai ga Salmonella da Vibrio da E. coli.

Ana barin curin ya girma ya kai kamar milimita 1 a faɗi. Sai a saita jan hasken leza mai tsawon zango nanomita 635 a tsakiyarsa. Curin yana da tudu a tsakiya, gefensa kuma siriri, don haka yana lanƙwasa haske kamar gilashin tabarau. Tsayinsa, yadda ƙwayoyin suka jeru a ciki, da yauƙin da suka fitar, duk suna jinkirta hasken, wani wuri fiye da wani. Kafin ya isa kyamarar da ke ƙasa ya watse ya zama zane: wani zobba ne cikin zobba kamar faifai, wani kuma layuka ne ke fita daga tsakiya kamar sifokin keke. Kwamfuta ta mayar da zanen lambobi, ta gwada da waɗanda aka adana mata. Cikin daƙiƙoƙi an gama.

Abin da ya fi burge ni shi ne curin yana nan da ransa. Rinin Gram, wanda muke amfani da shi tun 1884, kashe abin da ka ɗeba yake yi. A nan kuwa kana iya ɗaukar curin da aka haska ka gwada masa magunguna.

To amma ba ta rage maka jiran tsirowa ba, sa'o'in nan sai ka yi su. Abincin da ke cikin farantin ma dole ya zama wanda haske ke ratsawa, shi ya sa mai jini yake ba ta wahala. Kuma abin da aka koya mata kawai ta sani: irin da babu zanenta a ma'ajiyar, tana iya laƙaba mata sunan wata mai kama da ita. Har zanen iri ɗaya yana sauyawa idan ka sauya abincin, ko zafi, ko tsawon lokacin reno. Idan wuta ta ɗauke cikin dare, akwatin ɗumamawa ya huce, curin da za ka tarar da safe ba zai yi daidai da wanda kwamfutar ta haddace ba.