Tambaya da Amsa: Wane Bakin Teku Ya Dace da Iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna so mu fita da yara bayan Sallah, kwana biyu ko uku. Mu takwas ne, har da mahaifiyata wadda ƙafa ke damunta, da yara huɗu, autansu shekara biyar. Mun gaji da cunkoson bakin tekun Labadi. Wasu sun ce Ada, wasu sun ce Cape Coast. Wanne ya fi? Daga wata Hajiya a Mamobi, Ankara (Accra), Ghana.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tunda akwai tsohuwa da ɗan shekara biyar, Ada Foah muke zaɓa muku, kuma ruwan wurin ne dalili. A can kogin Volta yake shiga teku, sai ki ga tudun yashi doguwa ta raba ruwa biyu: gefe guda teku na ta haukansa, ɗaya gefen kogi kwance luf. Mama za ta samu inuwar kwakwa ta zauna, ba hawa ba sauka. Tafiyar kilomita ɗari ce da 'yan kai. A bi ta Tema a kama hanyar Aflao, idan an kai Kasseh a karya dama. Awa biyu zuwa biyu da rabi, in dai an bar gari da asuba kafin titin Tema ya cushe.

Amma kwanciyar kogin kada ta sa ku sakankance. Yawancin masaukan da ke bakin gaɓa sai da kwalekwale ake isa gare su, to kafin kowa ya sa ƙafa a ƙirga rigunan ceto: mutum takwas, riga takwas, kuma ta yaro daban take da ta babba. Rigar da ta yi wa yaro yawa takan zame ta kansa da zarar ya faɗa ruwa. A ɗaura masa, a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama. In ta haye kunnuwansa, ba tasa ba ce. Sannan akwai tsargiya a ƙasan Volta. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mara gudu, mai ciyayi, ta shiga ta fata. A hana yara tsalle-tsalle a irin wannan wuri, kuma duk wanda aka ga jini a fitsarinsa makonni bayan dawowa a kai shi asibiti, a faɗa wa likita inda aka je.

Shi kuwa tekun, ko a Ada ko a ina, abin da ke cin mutane a gaɓarmu shi ne ruwan da ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya. Abin takaici, wurin ne ya fi kama da wurin lafiya. Ki tsaya a tudu minti biyar ki duba: inda igiya ke fashewa fari fat dama da hagu, amma tsakiya ya yi duhu ya yi shiru, kumfa da ganye suna tafiya ciki maimakon su fito, nan ne bakin ramin. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Yara iyakarsu gwiwa, babba riƙe da hannunsu. Abaya da doguwar riga idan suka sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka mai son shiga ta sa wando da riga mara faɗi. Masunta sun san ruwansu. Gaisuwa da tambaya ɗaya ta wadatar su nuna muku inda ba a shiga.

Cape Coast ki ajiye ta sai yaran sun ƙara tasawa. Ɗakunan da aka tsare bayi a ƙarƙashin kasul ɗin, wato tsohon sansanin Turawa na bakin teku, duhu ne da zafi, daɓen ba daidai ba, ga matakala. Zai yi wa Mama wuya, ɗan auta kuma tsoro kawai zai kwaso.

Tambaya: Mu matasa shida ne daga Aboabo, muna da kwana huɗu. Muna son tarihi, muna kuma son wanka a teku. Yaya za mu tsara? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ku ba sai kun biyo ta Ankara ba. Hanyar Anwiankwanta, Fomena, Assin Fosu za ta sauke ku a mahaɗar Yamoransa, dab da Cape Coast, cikin awa huɗu zuwa biyar. A kan hanyar akwai Assin Manso, inda rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe yake, kafin a kai su gaɓa. Ya cancanci tsayawar awa guda, domin da yawa daga cikin waɗanda aka bi da su ta nan mutanen arewa ne. A Yamoransa kuma ku sayi dokunun Fante, wanda ake naɗewa da ganyen ayaba. Yana kwana biyu bai lalace ba.

Rana ta biyu ku ba Elmina, kilomita goma sha biyu ko sha uku yamma da Cape Coast. Turawan Fotugal suka gina kasul ɗin a 1482, mutanen Holand suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979 tare da sauran na gaɓar. Ku je da safe, ku tsaya kan gadar Benya ku ga kwalekwale masu tutoci suna shigowa da kifi, mata na jira da manyan kwanoni. Sai dai ban da Talata, ranar hutun masunta ce a yawancin garuruwan gaɓa. Ku riƙe Ghana Card da katin makaranta, kuɗin shiga na ɗan ƙasa da na ɗalibi ya fi na baƙo sauƙi sosai. In da sauran ƙarfi, dajin Kakum yana kilomita talatin arewa da Cape Coast, da gadojinsa bakwai na igiya a saman bishiyoyi.

Wanka kuwa kada ku yi shi a gindin kasul, duwatsu ne da igiya mai duka. Ku wuce Takoradi, ku sauka a Agona Nkwanta, ku ɗauki tasi zuwa Busua. Gaɓar can lanƙwasa ce, yashin yana gangarawa a hankali, shi ya sa ake koyon hawan igiya a wurin. Daga Busua da ƙafa ma ana zuwa Dixcove a ga Fort Metal Cross. Nzulezu, ƙauyen da aka kafa kan turaku a tsakiyar ruwa, yana da kyau ƙwarai, amma yana can wajen Beyin kusa da iyakar Kodebuwa. Cusa shi cikin kwana huɗu zai sa ku ƙare hutun a cikin mota.

Ku lura da wata. Daga Mayu zuwa farkon Yuli ruwan sama ne, kuma yammacin gaɓar ya fi ko'ina a ƙasar samunsa. Agusta akwai sanyi-sanyi, kifi ya yi araha, amma tekun da sanyi. Talatar farko ta Yuli ake bikin Bakatue a Elmina, Asabar ɗin farko ta Satumba kuma Fetu Afahye a Cape Coast. A irin waɗannan ranaku da ƙarshen Disamba, wanda bai kama ɗaki da wuri ba zai sha tsada ko ya rasa.

Tambaya: Abinci da sallah fa a waɗannan garuruwa? Daga wani Alhaji a Sabon Zango.

Amsa: Alhaji, kifi shi ne mafita. Sai dai a tambaya ko a kasko ɗaya ko kan waya ɗaya ake gasa shi da naman alade, don hakan na faruwa a rumfunan bakin teku. A Cape Coast a nufi Kotokuraba, akwai 'yan zango da masallaci, ana samun wake da koko da ƙosai. A ƙananan ƙauyuka a tafi da buta da darduma. Teku yana kudu da mu, alƙibla kuma gabas ce da ɗan karkata arewa, to idan ka fuskanci ruwa tana hagunka, ta ɗan koma baya. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita tamanin, ana yi mata ƙasaru matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. Ada da Cape Coast duk sun wuce wannan daga Ankara, bakin tekun Kokrobite da ke kusa da Ankara kuwa bai kai ba.