Zan iya ɗora Linux a tsohuwar laftof ba tare da na rasa fayilolina ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof mai ram gigabait 4, Windows 10 ce a kanta. Ta ƙi karɓar Windows 11, ga nauyi, kafin ta buɗe sai na gaji da jira. An ba ni shawarar in koma Linux, amma tsorona kada hotuna da takarduna su salwanta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba laftof ɗinka kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma furosesa ta baya-bayan nan, abin da ya bar kwamfutoci masu ƙoshin lafiya da yawa a baya. Saboda haka shawarar da aka ba ka tana kan hanya.

Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, iri-iri ce. Kada ka ɓata lokaci wajen muhawarar wacce ta fi, masu wannan gardamar ba sa gajiya. Ga mai tasowa daga Windows, ni Linux Mint nake zaɓa masa, don inda hannunsa ya saba zuwa nan zai tarar da abubuwa. An gina ta a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma jerin Mint 22 na da tallafi har 2029. Tana da fuska uku: Cinnamon, MATE da Xfce. Da gigabait 4 Cinnamon za ta yi aiki, amma Xfce ta fi sauƙin ɗauka, kwamfutar za ta ɗan sarara.

Kafin komai, kwashe fayilolinka zuwa wani hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) na waje, sannan ka buɗe wasu daga ciki a can ka tabbatar sun kwafu da gaske. Na sha ganin wanda ya rantse ya kwashe komai, ashe gajerun hanyoyin shiga kawai ya kwafa, ainihin takardun suna can inda aka goge.

Sai ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Mint gaba ɗayanta, daga shafin Mint na asali, ka nemi filash na gigabait 8 wanda babu abin da kake so a ciki, domin za a share shi tas. Ka yi amfani da Rufus ko balenaEtcher wajen rubuta ISO ɗin a kai. Kwafa shi kurum kamar hoto ba ya aiki. Bar filash ɗin a jiki, ka sake kunna kwamfutar, tana haskawa ka riƙa danna maɓallin zaɓen abin da za ta tashi da shi: yawanci F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP, Esc a Asus.

A nan ne nake so ka daɗe. Mint za ta buɗe gaba ɗayanta daga filash, ba ta taɓa hadis ɗinka ba. Haɗa Wi-Fi, kunna bidiyo ka ji sauti, gwada kyamara, rage hasken allo ka ƙara, rufe murfin ka buɗe ka ga ko ta farka. Za ta ɗan yi jinkiri, daga filash ne, kada ya dame ka. Idan Wi-Fi ya ƙi bayyana, galibi katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom ne ke jiran direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki. Jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet, ka ɗauko shi daga Driver Manager.

Cikin dukkan aikin girka Mint a kwamfutar, allo ɗaya ne tak ke cinye fayiloli, wato wanda ke tambayar yadda za a yi da hadis. Zaɓin da ke cewa "Erase disk" yana nufin shafe komai, har da sashen D da mutane ke ɗauka daban yake, alhali sau da yawa yanki ne na hadis guda. Wanda ke cewa "Install alongside" kuwa zai matse Windows ya yanka wa Mint wuri, duk sanda ka kunna ka zaɓi wadda kake so. In akwai manhajar da aikinka ya dogara da ita, kamar Photoshop ko Microsoft Office ta kwamfuta, waɗanda ba su da sigar Linux, to ka bi na biyun. Ka ba Mint aƙalla gigabait 50. 20 ne mafi ƙarancin da take nema, amma nan da nan zai cika.

Idan zaman tare ka zaɓa, akwai abu biyu da za ka gyara a Windows tun da farko. Kashe Fast Startup, domin yana barin hadis a kulle kamar Windows ba ta gama rufewa ba. In kuma BitLocker, makullin sirrin da Windows ke sa wa hadis, na kunne, adana lambar buɗe shi a wani wuri, sannan ka kashe shi. A wasu kwamfutocin mai girkawar ba ya ganin hadis sam, saboda an saita shi a kan Intel RST maimakon AHCI. Wannan kada ka canja shi da ka, Windows na iya ƙin tashi, ka nemi wanda ya san aikin. Laftof kuma ta kasance a jone da caji har a gama.

Bayan ta tashi, buɗe Update Manager ka sabunta komai, sannan ka saita Timeshift, wanda ke ajiye hoton tsarin don ka koma baya idan wani abu ya lalace. Amma fa tsarin yake karewa, ba hotunanka ba, hadis na waje na nan da aikinsa. LibreOffice da Firefox suna zuwa a ciki, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word, sai dai masu ado da yawa kan ɗan karkace. In ka koma Windows ka ga agogo ya sauya, ba lalacewa ba ce: Linux na ajiye lokaci da agogon duniya na UTC, Windows kuma da na gida. Layi ɗaya a Terminal, wurin rubuta umarni a Mint, ke sasanta su: timedatectl set-local-rtc 1.