Amsa ga mai neman fara kundin digiri na biyu cikin wata huɗu

Ɗan'uwa, na ga tambayarka: wata huɗu suka rage, kana koyarwa da safe a Bauchi, ko layi ɗaya ba ka rubuta ba. Akwai matsi, amma abu ne mai yiwuwa.

Kada ka fara da babi na ɗaya. A nan mutane ke maƙalewa, su shafe mako uku suna gyaran gabatarwa. Fara da rage faɗin taken. Idan kana son nazarin karatun yara a jihar Bauchi gaba ɗaya, mayar da shi makarantu kaɗan a ƙaramar hukuma guda, inda za ka iya zuwa a babur ka dawo kafin magariba. Ka fitar da tambayoyin bincike uku kacal, ka kai wa malamin da ke duba aikinka a wannan makon, ko da a shafi ɗaya ne. Sai ya amince za ka zuba ƙarfi, domin babu abin da ya fi cin rai kamar ka rubuta shafi 40 a ce ka sauya take.

Ka leƙa ɗakin karatu na sashenku, ka duba kundaye biyu da aka riga aka amince da su, don ka ga tsarin da ake so. Maƙalu kuma ka nemo su a Google Scholar, shafin intanet na neman rubuce-rubucen ilimi, kana adana su a manhajar Zotero tun ranar farko. Ni ita ta cece ni wajen jera manazarta.

Ni bayan asuba nake rubutu, awa biyu kullum, kafin gida ya tashi. Ka bar wata guda cur don gyara.