Tsohuwar Amfilifaya: A Gyara Ko A Sauya?

Tambaya: Malam, amfilifayar (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da na gada wurin mahaifina tana ƙarar-ƙarar idan na murɗa sauti, lasifikoki kuma suna gurnani ko ba a kunna komai ba. In yar da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yar. Ƙarar-ƙarar nan ƙura ce da tsatsa a cikin mamurɗin, feshin goge kayan lantarki yakan kawar da ita. Gurnanin kuwa galibi manyan kafasitoci ne (sassan da ke adana wuta a cikinta) suka bushe. Mai gyara ya duba ko kansu ya kumbura, ya sauya su. Kai dai kada ka sa hannu, suna riƙe wuta ko an zare soket. In taransfoma ce ta ƙone, to a nan ne zan ce ka nemi sabuwar amfilifaya.