Daɓen katako, sanyi da ɓeraye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun sayi tsohon gida a Manchester, Ingila, ɗakunan ƙasa daɓen katako ne, akwai rami a ƙarƙashinsa. Sanyi ta ƙafa yake taso mana, yara kullum cikin mura. Muna so a sa abin tare sanyi, amma ina tsoron ya zama sheƙar ɓeraye. Wani mai gyara ya ce a toshe ramukan iska na jikin bango, a huta da sanyi da ɓera lokaci guda. Mu yarda?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki bari ya taɓa waɗannan ramuka. Wannan gurguwar shawara ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Bulo mai hudojin nan da kike gani a gindin bango, shi ne hancin gidan. Ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen tana fitar da laima dare da rana, iskar da ke ratsawa daga gaba zuwa baya ita ke kwashe ta. Idan aka toshe, laimar sai ta zauna a jikin katakan da ke ɗauke da daɓen. Da zarar danshin katako ya wuce kashi 20 cikin 100, ruɓa ta samu gida. Ba za ki ga komai ba da fari, sai ranar da aka ɗaga kafet aka tarar da farin fumfuna kamar auduga, katakon kuma yana marmashewa a hannu. Na sha ganin haka, kuma wanda ya toshe ɗin ya daɗe da karɓar kuɗinsa ya yi gaba. Bayan an sa abin tare sanyi ma ramin ya fi buƙatar iska, domin ɗumin ɗaki ya daina sauka cikinsa.

Abin yi shi ne a rufa wa kowane ramin iska ragar ƙarfe marar tsatsa, a ɗaure ta da kusa. Hudojinta kada su kai milimita 6, don ɓera yana kutsawa ta ramin da fensir zai shiga. Kewayen bututun ruwa da na gas a cusa soson ƙarfe a bi da kwaɓin siminti. Kumfar feshi kaɗai ba ta hana shi, gwaguye ta yake yi.

Audugar gilashi tana tare sanyi sosai, ɓera kuma yana son kwanciya cikinta, shi ya sa sai an gama toshe hanyoyinsa kafin a saka ta. A cika tsakanin katakan da ita, a tallafe ta da shimfiɗa mai barin laima ta fita, ban da leda. Allunan tare sanyi na kumfa mai tauri, irin su Celotex ko Kingspan, ma suna yi, in an yanka su daidai. Bututun ruwan da ya rage ƙasa a naɗe shi kada ya daskare.

Idan manyan ɓeraye kike ji, a sa kyamara a duba bututun masai, sau da yawa ta fasasshen bututu suke hawowa. Kuma kada a zuba guba a ramin, mushe zai kwana ƙarƙashin falonki yana wari har makonni.