Ku Tambayi Bakanike: Motar da ke mutuwa a hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Hilux tsohuwa mai shan gazuwal, injin 3L, ina ɗaukar kaya da ita tsakanin Garwa da Ngaundere. A kwance lafiya lau take tafiya, amma da na fara hawan dutsen nan na bayan Mbe sai ta riƙa shaƙewa, ƙarfi ya ragu, ta mutu. In na huta minti goma sai ta tashi kamar ba ita ba. An ce mini in sauya famfon injekta. Mene ne shawararku? Daga wani direba a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari a kwance famfon nan tukuna. Shi ne ya fi komai tsada a layin mai, kuma a irin alamar da ka faɗa ba kasafai yake zama mai laifi ba. Motar da ke mutuwa a hawa ta kuma tashi bayan hutu, yunwar mai ke damunta. Famfon 3L da kansa yake zuƙo gazuwal daga tanki, babu wani famfon lantarki da ke turo masa. A hawa ne injin ya fi buƙatar mai, to duk abin da ya rage hanyar man a nan zai bayyana.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Idan ta sake mutuwa, sauka nan take ka buɗe murfin tanki, kunnenka na kusa. In ka ji ya yi "fuuu", iska na rugawa ciki, to ramin numfashin tankin ya toshe da ƙura: mai na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. A wanke ko a sauya murfin, shi ke nan.

In ba shi ba ne, sai matatar mai. A gindinta akwai ɗan makunni na roba. Sa kwalba mai haske a ƙasa, sassauta shi, danna famfon hannu da ke saman matatar, ka tari kamar rabin kofi. Bar shi ya natsa. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa, wani lokaci da baƙin dauɗa mai yauƙi. Mai sayen mai a jarka a bakin hanya bai kamata ya jira kilomitan da kamfani ya rubuta ba, ya sauya matata da wuri.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na jarka. Zuba lita biyar na gazuwal mai tsabta a jarka, ka ɗaure ta da kyau, ka jawo sabon tiyo daga cikinta zuwa mashigar matata, ka mayar da tiyon da ke komar da rarar mai shi ma cikin jarkar, in ba haka ba za ta ƙare nan da nan. Hau tudu da kaya. In motar ta haye ba tari, matsalar tana baya: ko ragar da ke bakin bututun cikin tanki ta cika da tsatsa, ko tiyo ya tsage. Ragar ce ta fi dacewa da bayaninka, domin dattin na manne mata lokacin da famfo ke ja, in an kashe injin ya saki ya koma ƙasa. Abin da hutun minti goman ke yi ke nan. Maganinta a sauke tanki a wanke, a shanya ya bushe sarai.

Akwai kuma iska. Tsagar da ke wajen zuƙa ba ta ɗigar da mai, iska take sha, shi ya sa ake duba ƙarƙashin mota a ga ko'ina a bushe a ce lafiya. Sa guntun tiyo mai haske tsakanin matata da famfon injekta, ka tada injin. Jerin kumfa na wucewa yana nufin akwai ɓaraka, kuma sau da yawa robar cikin famfon hannun ce ta tsufa. Bayan gyara a danna famfon hannu har ya yi tauri. In ta ƙi tashi, a sassauta notin bututun nozul da sifana 17, a buga sitata daƙiƙa goma-goma har mai ya feso, a ɗaure. Kada a kai hannu wajen feshin, yana huda fata.

Sai an wuce duk wannan ake zargin famfon injekta. Alamarsa daban ce: ta tashi da sanyin safiya, amma in ta yi zafi aka kashe sai ta ƙi tashi. Gazuwal da aka gauraya da kananzir na jawo haka, don ba shi da santsin da cikin famfon ke buƙata.

TAMBAYA: Tawa mai fetur ce, injin 4Y mai kabureta. Tana gudu lafiya, amma da na ɗaga ƙafa daga totur a mahaɗar hanya sai ta mutu. Zuwa-zuwa nake sha, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya. Daga wani mai karatu a Marwa.

AMSA: Malam, taka matsalar silo ce. A jikin kabureta akwai ɗan solonoyid mai waya, aikinsa buɗe hanyar man silo. Sa wani ya murɗa makulli ba tare da ya tada injin ba, kai kuma ka ɗora yatsa a kansa. Ya kamata ka ji "ƙas". In shiru, duba wayar da fiyus kafin ka sayi sabo. In yana aiki, to jet ɗin silo ya toshe. Raminsa bai fi tsinin allura ba, ƙwayar yashi ɗaya daga kwalbar zuwa-zuwa ta isa. A hura shi da iska, kada a zura masa waya, tana faɗaɗa ramin motar ta koma zuƙar mai. A kuma bi ƙananan tiyoyin iska da ke kewaye da kabureta, zafin Marwa na busar da su su tsage. Tace man da kyalle mai tsabta a kan mazurari duk lokacin da za ka zuba.

TAMBAYA: Baƙin man injina yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma yana warin fetur. Daga Kuseri.

AMSA: Ajiye motar yau. Robar cikin famfon fetur da ke jikin injin ta fashe, fetur na gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, ƙarafan ciki na cin juna. A sa sabon famfo, a zubar da man gaba ɗaya, a sauya matatarsa kafin a sake tada injin.