Mai dikoreshan na biki ka damƙa wa gidan mutane, kuma kana tambayar bashi?

Wani ɗan kasuwa ya turo min wannan: "Malam barka da aiki. A kasuwar Sabon Garin Zariya nake, labule nake sayarwa da zanin gado da kafet shekara 11 kenan. Bara wani kwastomana ya gama gini a Hanwa ya ce in ɗauki aikin cikin gidan gaba ɗaya a kan miliyan 7, na karɓa na damƙa wa ƙanin matata tunda yana dikoreshan na biki kuma yana da ido. Damina na sauka silin ɗin POP ya yi jirwaye ya fara saki, fefar bango ta ɗaɗɗago, bangon da suka fasa tsakanin falo da wurin cin abinci kuma samansa ya tsage. Mai gida ya riƙe min cikon miliyan 1 da rabi. Yanzu yaron ya ce matsalarmu rashin wurin baje kaya ne, in kama shago a unguwar PZ in zuba miliyan 8, wai a Abuja aiki ɗaya ana cin miliyan 50. Ina da 5, in ci bashin 3?"

Alhaji kar ka ci bashin nan, 5 ɗin da ke hannunka ma ka bar su inda suke. Wannan kam an gama.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne har yanzu ba ka gane abin da ya same ka ba, ka rubuto kamar tsautsayi ne ko damina ce ta ci amanarka, alhali kai ne ka karɓi aikin mutum biyar da sunanka kai kaɗai ka miƙa wa mutum na shida wanda babu ko ɗaya daga ciki da yake sana'arsa. Ni ban ce yaron macuci ne ba, wataƙila ma ya yi iya ƙoƙarinsa tsakani da Allah. Amma wai yana da ido? Haba Alhaji. Kamar ka ga mai kitso ta iya kama kai ne sai ka miƙa mata jariri ka ce ta cire masa beli.

Dikoreshan na biki sana'a ce kuma ana ci da ita sosai a garin nan, sai dai duk iliminta a kan awa 6 ko 7 aka gina shi. Yadi ne da fil da gam da fulawoyin roba da fitilu, a ɗaura da azahar, a yi hotuna, ƙarfe 11 na dare a kwance a zuba a a-kori-kura, Asabar mai zuwa a ɗaura wa wata amaryar. Kuɗinsa kuɗin haya ne, kaya ɗaya yana juya su sau 30. Tunda ya fara bai taɓa tambayar ko kwanon wuri yana yoyo ba, don aikinsa bai taɓa kwana ya haɗu da ruwan Agusta ba, balle hunturun Zariya da ke busar da ɗanyen katako har ƙofar wadrob ta ƙi rufuwa. Gida kuwa mutum zai zauna ciki shekara 20, yara su jingina da bango, a yi girki, a watsa ruwa a goge tayil kullum.

Wanda ya kamata ya riƙe aiki irin na Hanwan nan shi ne mai tsara cikin gida, wanda ake ce wa dizaina, kuma shi tun kafin a yi filasta ake kiransa. Tambayoyinsa ma daban ne. Mutum nawa za su zauna, mata nawa, baƙi maza ta ina za su shiga falo ba tare da sun ratsa cikin gida ba, akwai tsohuwa da ba ta iya hawa bene, ina alƙibla don kar a kafa masai yana kallonta, ina za a ajiye batiran sola da inbata, soket nawa a kicin kuma a wane tsayi, ta ina iska za ta fita in an ɗauke wuta a watan Afrilu. Sai ya zauna ya fitar da takarda mai awo, wadda mai wayarin da mai famfo da mai POP da kafinta duk za su duba su san iyakarsu. Takardar nan da zuwa duba aiki su yake sayarwa, ana biyansa kuɗi a dunƙule ko kaso daga kuɗin aikin, ko an sayi kujera ko ba a saya ba. Kuma shi ne ke tsare jerin aiki, wayarin da famfo kafin filasta, a tabbatar rufi ba ya yoyo kafin silin, fenti da fefa sai bango ya bushe, labule a ƙarshe. Ku kun manna fefa a sabon bango mai danshi kun ɗaura POP ƙarƙashin rufin da babu wanda ya hau ya duba, to me kake so damina ta yi?

Shi kansa dizainan in ya san abin da yake yi ba ya ɗaukar guduma ya fasa bango, sai ya kira injiniyan gini ko akitek, wato mai zanen gini, ya faɗa masa ko bangon nan yana ɗauke da nauyi. Waɗannan biyun doka ce ta tsare sunansu, akitek sai mai rajista da hukumarsu ta ARCON, injiniya sai mai rajista da tasu hukumar ta COREN, in abu ya rushe akwai wanda za a kama da inda za a kai ƙara. Masu tsara ciki suna da ƙungiya, IDAN, amma ka fi ni sani kowa yana iya zuwa wajen mai rubuta allo gobe ya ce a rubuta masa dizaina, shi ya sa harkar ta cika da masu waya mai kyamara da hotunan gidajen Turkiyya da Dubai da suka kwaso a Instagram. Abin takaicin ma a Zariya kake. Sashen koyar da zanen gine-gine na ABU ya girmi jami'ar kanta, tun shekarun 1950 ake koyar da shi a garin nan kafin a kafa jami'ar a 1962, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli ita ma tana yaye masu ilimin gini, yaran da suka gama suna nan Samaru suna neman wanda zai ba su aikin dubu 200 su nuna kansu. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, garin da magina ke da sarkinsu kuma yaro ke shekaru yana kwaɓa ƙasa kafin a bar shi ya taɓa ginin bakan gizo na rufi, a nan ne za a fasa bangon mutum da shawarar mai ɗaura balan-balan.

Sai kuma mai ƙawata ɗaki, wanda shi sai an gama komai an miƙa makulli yake shigowa. Launin fenti, labule, kafet, kushin, fitilar ado, madubi, wane zai shiga da wane, girman kujera ya dace da girman falo ko zai cinye hanya. Ba ya matsar da bango, ba ya taɓa waya. Ribarsa mafi yawa a cikin kayan da ya sayo take, da ɗan kuɗin hannu. Wannan shi ne maƙwabcin sana'arka, kusan ma rabinta kake yi ba ka sani ba, duk ranar da ka ce wa mace Hajiya wannan ruwan tokar ba zai shiga da kujerunki ba kin ce ruwan ƙasa ne, aikin kenan.

Masu POP da kafintoci da masu tayil da fenti kuwa jinga suke yi, abin da aka nuna musu shi za su yi su karɓi kuɗinsu. Mai POP ba zai hau rufi ya duba maka kwano ba, ba ruwansa, in ka ce ɗaura zai ɗaura, in ya jiƙe ya dawo ya sake cajinka.

To yanzu lissafa da ni. Miliyan 7, a ce ka sa ran miliyan 1 riba. An riƙe 1 da rabi, kenan ka yi wata 3 ko 4 kana zarya Hanwa kana barin shago hannun yara, ƙarshe ka ciro dubu 500 daga cinikin labule ka biya don a bar ka ka yi wahala, ba a ma zo kan gyara ba. Da ce wa mutumin ka yi Alhaji ni labule da kafet na sani, ga wanda zai riƙe maka sauran, da kason ka a gidan bai wuce miliyan 1 ba ƙila, ka ci dubu 200 ko 250 a sati ɗaya ka koma shagonka, kuma in silin ya faɗo ba lambarka za a kira ba. Wanda ya karɓi kafin alƙalami shi ke da laifin kowa, mai gida bai san ƙanin matarka ba, bai san mai POP ba, kai ya sani.

Na ga irin wannan a Tudun Wada. Wani mai sayar da kushin ne, kasuwarsa tana tafiya lafiya lau, sai wata Hajiya da ta saba saye wurinsa ta ce ai kai ma za ka iya yi min kabet ɗin kicin da wadrob na ɗakuna 4, shi kuma kunyar ya ce ban iya ba ta kama shi, ga kuɗi a gabansa. Ya ba wani kafinta ɗan unguwarsu wanda gadaje da benci ya saba yi, aka yi da katakon da bai bushe ba da allo mai araha irin wanda ruwa na taɓa shi yake kumbura. Hunturu ɗaya ƙofofi suka karkace, ƙasan wurin wanke-wanke ya kumbure ya ruɓe, magana ta kai gaban mai unguwa, babu takarda ko ɗaya da ta nuna wane irin allo aka yi alkawari, ƙarshe motarsa ya sayar. Ita Hajiyar da ƙawayenta duk suka ɗauke ciniki, wannan ma ya fi motar ciwo.

Maganar miliyan 50 na Abuja kuma don Allah ka daina bari ana hura maka kunne. Ko da gaske ne, kuɗin aikin ne gaba ɗaya ba riba ba, mafi yawansa a kayan waje yake tafiya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari 4 da wani abu ta haura 1,500 cikin watanni, mutane da yawa da suka yanka farashi a kan tsohon kuɗi daga aljihunsu suka ƙarasa aikin. Sannan wa ke gini a Zariya? Malaman jami'a ne da ma'aikatan asibitin Shika da na kwalejin jiragen sama da sojoji da 'yan kasuwa irinka, mutanen da ke gama gida ɗaki-ɗaki yadda albashi ya zo, bana falo baɗi kicin. Shagon gilashi da na'urar sanyaya ɗaki a PZ haya zai ci da dizal yana jiran kwastoman da ba ya garin.

Inda kuɗi ke motsi kowane sati a garin nan ɗakin amarya ne, kuma masu jere ne ke riƙe da ƙofarsa. Matan nan su ma sana'arsu daban ce, wuni ɗaya ko biyu su shiga su jera gado da kwanuka da kayan kicin su ɗaura labule su turare ɗaki, kuma uwar amarya abin da suka ce shi take saye. Akwai wata a Samaru da na sani, jere da labule kawai take yi, duk aikin da ke buƙatar guduma fiye da ta kafa ƙarfen labule cewa take ba nawa ba ne, ta haɗa mutum da wani yaro da ya karanci zanen gini, shi kuma duk gidan da ya samu ita ke kai labule. Yau da wuya sati ya wuce ba ta da gida 2 ko 3. Ka nemi irinta guda 4 ko 5 ka ba su farashin sari da ɗan kamasho bayyananne.

In ƙari kake so a kan kasuwarka to ka ƙara awo da ɗaurawa, tunda yawancin masu sayen labule ba su san tagar mita 1 da rabi tana cin yadi ninki biyu ko fiye in ana son ya yi tattara mai kyau ba, suna saye ya gaza su dawo da faɗa. Tef, tsani, injin huda bango, yara 2 da ka koya musu da kanka, tela ɗaya tsayayye, duka ba za su kai rabin miliyan ba. Kowane aiki a rubuta a takarda, taga nawa, wane yadi, wane ƙarfe, farashin na kwana 14 ne, sannan layi ɗaya da ke cewa fenti da silin da wuta ba sa cikin aikina, mai gida ya sa hannu. Ƙanin uwargida kuma ka bar shi a bikinsa, in yadi yake so ka ba shi a rubuce kamar kowa, in ta yi ƙorafi ka nuna mata lissafin dubu 500 ɗin nan.

Amma kafin duk wannan akwai tsagar bangon nan, ita ce ba ta jira. Cikin satin nan ka ɗauki injiniyan gini mai rajista da kuɗinka ka kai shi ya duba, in bangon da aka cire yana ɗauke da nauyi a tokare wurin a zuba bim na kankare da zai ɗauki nauyin kafin wani ruwan, don in ya sauko kan iyalin mutum ba maganar miliyan 1 da rabi za a yi ba. Ka ce ya hau ya duba rufin ma ya rubuta abin da ya gani. In yoyon daga aikin mai kwanon da shi mai gidan ya ɗauka ne tun kafin ka shigo, kana da bakin cewa a raba asarar silin, kuma da takardar injiniya a hannu za ka iya karɓo wani abu daga cikon. Ka je da dattijo ɗaya daga cikin shugabannin layinku na kasuwa wanda mai gidan zai ji nauyinsa, yaron kuma kar ya bi ku ranar.